Fitilar Giya Ta Mutu a Tablon A-kori-kura: Yadda Ake Bin Sawunta

Cikin damina, wajen ƙarshen Agusta, wani Alhaji dillalin shanu ya shigo garejinmu a nan Garwa ta Kamaru da Hilux ɗinsa, taɓo ya rufe ta har rabin ƙofa. Ko gaisawa ba mu gama ba ya ce, "Malam, an ce sai an sauke mini bwat." Bwat akwatin giya ke nan, da Faransancinmu na bakin gareji. Na ce, "Alhaji, me motar take yi?" Ya ce tafiya dai lafiya lau, amma harafin D na tablo, wato allon mitocin da ke gaban direba, ya daina kamawa, wani lokacin R da N su kama tare kamar tagwaye, shekaranjiya kuma a kasuwar Adumri ta ƙi tashi sai da ya jijjiga sandar giya. Na tura masa benci, na ce a kawo masa shayi, yau babu mai taɓa masa bwat.

Abin da ya ba ni ƙarfin faɗin haka shi ne, haruffan nan P, R, N, D (fakin, ribas, firi da tafiya gaba) ba su san komai game da cikin akwatin giya ba. 'Yan aike ne, saƙonsu ɗaya: ga inda sandar giya take. Idan ɗan aike ya yi shiru ko ya kawo shirme, hanyar da ya biyo ake bi, ba a rushe gidan wanda ya aiko shi.

Ga hanyar. Ka ja sandar giya, ita kuma ta ja wata igiyar ƙarfe, ko sandar ƙarfe a wasu motocin, wadda ta gangara ƙarƙashin mota zuwa wani ɗan hannu a jikin akwatin giya. Hannun yana juya wani ƙarfe da ya shiga cikin akwatin, a kan ƙarfen kuma aka ɗora wani suwic mai faɗin tafin hannu. Masu sayar da kayan gyara a nan sun fi gane shi da sunan kontaktar. Wuta tana zuwa masa daga fis ta waya ɗaya, shi kuma ya raba ta: idan kana R ya tura ta wayar R, idan kana D ya tura ta wayar D. A tsofaffin motoci kowace waya kai tsaye take zuwa ga ƙwan fitilarta a tablo. A sababbi sai ta bi ta kwamfutar mota, kwamfutar ta gaya wa tablo harafin da zai nuna. Suwic ɗin yana da wasu ayyuka biyu, kuma su za su taimake ka: shi ke kunna fitilun ribas na baya, shi kuma ke hana mota tashi in ba a P ko N take ba.

Wannan bayani na mota mai giyar otomatik ne. In taka mai kuloc ce, kamar yawancin Land Cruiser a-kori-kura da ke hanyar Kuseri da Njamena, ba ka da waɗannan haruffa. Amma abin da zan faɗa kan fis, soket da ƙwan fitila ya shafi fitilar 4WD taka ma.

Kafin ka ɗauki sufana

Rabin aikin a zaune ake yin sa. Ja birkin hannu, murɗa makulli zuwa inda fitilun tablo ke kamawa ba tare da ka tada injin ba, taka birki, ka bi da sandar giya gurbi-gurbi a hankali: P, R, N, D, har zuwa 2 da L ko abin da motarka take da shi. A kowane gurbi ka tsaya ka duba. Ka sa yaro ya tsaya a baya, daga gefe, ya gaya maka ko fitilun ribas sun kama lokacin da ka shiga R. Ka samu takarda ka rubuta, don bayan rabin sa'a a ƙarƙashin mota za ka manta.

Idan harafi ɗaya ne kawai ya mutu, sauran suna kamawa, mota kuma ba ta canza hali ba, to zargi na farko ƙwan fitila ne. Kusan kullum D ne, don shi ne yake kunne tun daga Garwa har Ngaundere, sauran kuwa ɗan lokaci kaɗan suke yi. Idan R ne ya mutu, yaron da ke baya zai raba gardama: fitilun ribas sun kama, to suwic ya yi aikinsa, matsalar tana tsakanin waya da tablo; ba su kama ba, to ka nufi suwic.

Idan duk haruffan sun mutu lokaci guda, ƙwayayen fitila ba sa haɗa baki su mutu rana ɗaya. Wutar da ke ciyar da su ce ta yanke. Duba ko allurar mai da ta zafin injin su ma sun kwanta. In sun kwanta, fis ne ko wayar mas ta tablo, wato wadda ake ɗaurewa a ƙarfen mota. In suna aiki amma haruffa da fitilun ribas sun mutu tare, wutar ba ta kaiwa suwic, ko soket ɗinsa ya saki.

Idan harafi yana kamawa ne sai ka ɗan tura sandar gaba ko baya, ko kana D yana nuna N, ko mota ta ƙi tashi a P amma ta tashi a N, wannan saiti ne ya goce ko wata roba ta cinye. Idan haruffa biyu suna kamawa tare, ko ɗaya yana ci sosai ɗayan yana ɗan ja-ja, ruwa ne ko datti ya haɗa wayoyi biyu. Na Alhaji ke nan.

Akwai kuma wanda ba lalacewa ba ne. Wasu motocin suna rage hasken tablo da zarar ka kunna fitilun waje, don kada ya kashe maka ido da dare. Mai tafiya da fitila a kunne da rana tsaka, cikin hazon hunturu, sai ya ga kamar D ya mutu. Akwai ɗan maɓallin ƙara haske da ragewa kusa da sitiyari ko a jikin tablo. Murɗa shi ka gani. An taɓa jawo mini mota tun daga Pitowa saboda wannan, yaron gida ne ya yi wasa da maɓallin. Kada kuma ka rikita fitilar tablo da wadda ke haska haruffan gefen sandar giya. Ta gefen sanda ƙwai ɗaya ne, da ƙananan fitilun waje take kamawa, ba ruwanta da suwic.

Wanda ya fi kowanne nauyi shi ne idan fitila tana ƙiftawa da kanta, mota kuma ta maƙale a giya ɗaya, ta yi nauyin tashi. A tsofaffin Toyota fitilar O/D OFF ce ke wannan ƙiftawa, a wasu motocin harafin D. Wannan ba fitila ce ta lalace ba, kwamfuta ce ke kiranka. Zan dawo kansa.

Kayan aiki da tsaro

Ba su da yawa: mita mai auna bolt da om, fitilar gwaji, sukudireba, sufana 10, 12 da 14, feshin wanke soket, tsohon burushin haƙori, ɗan yashin takarda mai laushi, da alli ko fentin farce don yin alama.

Kan tsaro ba na wasa, domin za ka kwanta a ƙarƙashin mota wani yana sama yana taɓa giya. Mota a wuri mai daidai, birkin hannu a ja, dutse ko katako gaba da bayan taya biyu, injin a kashe. A-kori-kura tana da tsayi, yawanci ba ka bukatar jak. In ka ɗaga ta, kada ka shiga sai ka tokare ta. Ka bari salansa ta huce, kusa da suwic take wucewa. Mai 4WD kuma ya tabbatar ƙaramar sandar 4WD ba a N take ba. In tana N, P ba ya riƙe mota ko kaɗan, za ta gangara tana nuna maka P ɗinta. Toyota har fitilar gargaɗi ta sa saboda wannan, mai rubutun A/T P.

Batir da fis

Fara da batir ko da kana ganin lafiyarsa ƙalau. Zafin Maris da Afrilu a nan, da ke haura digiri 40, yana cin batir fiye da yadda mutane suke zato. Batir mai cike, mota a kashe, yana ba da kusan bolt 12.6. Injin na aiki ka ga tsakanin 13.5 da 14.5. In ya yi ƙasa sosai, ko ya haura 15, tablon sababbin motoci yakan haukace, haruffa su ɓace su dawo. Girgiza kawunan batir da hannu. Wanda ya motsa a ɗaure shi, wanda ya yi farin gari a kankare. Bi baƙar wayar mas, wadda mutanen Najeriya ke ce wa at, har inda aka ɗaure ta a jikin mota da jikin injin, ka ga ko tsatsa ta ci wurin.

Sai fis. Akwati biyu ne, ɗaya kusa da batir, ɗaya a ƙarƙashin tablo ta gefen direba. A bayan murfin akwai zane. A Toyota nemi wanda aka rubuta GAUGE ko METER, da wanda ke da IG a sunansa. Wasu motocin suna da na fitilun ribas daban. Kada ka yarda da ido. Fis yakan tsage siriri yadda ba za ka gani ba. Makulli a kunne, maƙala kan fitilar gwaji a ƙarfen mota, ka taɓa ƙananan ƙarafa biyu da suka leƙo a bayan fis ɗin. Duka biyu su ba da wuta. Ɗaya ya ba da, ɗaya bai ba da ba, ya ƙone.

Ka mayar da irinsa daidai. Launi yana faɗin ƙarfi: ruwan ƙasa 7.5, ja 10, shuɗi 15, rawaya 20. Abin da nake roƙon mutane kullum shi ne kada a naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbin fis. Fis ɗin da za ka saya da canjin aljihu yana mutuwa ne don kada wayarin mota ya mutu. Ka hana shi mutuwa, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

In sabon fis ya sake ƙonewa, lura da lokacin da ya ƙone, don shi ne zai nuna maka ɓarawon. Ya ƙone da murɗa makulli, gajeriyar hanya tana kan babbar wayar. Ya zauna lafiya a P, sai da ka shiga R ya yi ɗas, to ba tablo ba ne, ba suwic ba ne, wayar fitilun ribas ce ta goge tana taɓa ƙarfe. Wannan ciwon a-kori-kura ne sosai. Wayar tana bin shasi har baya, buhunan masara da ƙahon shanu suna dukan fitilun baya, masu walda suna ƙara ƙarafa a bodi su ƙona ta ba su sani ba. Sai kuma masu sa kyamarar baya da ƙararrawar ribas, waɗanda ke feɗe wannan wayar su murɗa tasu a kai su naɗe da leda. Duk inda ka ga sabon salatif a tsohuwar waya, buɗe shi.

Igiyar giya da robobinta

Yanzu shiga ƙasa. Yaro a sama, ƙafarsa a kan birki, injin a kashe. Ka ce ya bi da sanda a hankali, kai kana kallon ɗan hannun da ke jikin akwatin giya. Kowane gurbi ya kamata ka ji ƙas, hannun ya zauna daram. In sanda ta motsa a sama amma hannun ya yi jinkiri kafin ya bi, duba bakin igiyar inda ta kama hannun. Akwai 'yar roba a wurin. Zafi da ƙura suna busar da ita ta farfashe, sai a samu wasa. Wasan da bai kai faɗin ƙwayar gyaɗa ba ya isa ya sa suwic ya tsaya tsakanin N da D, bai ba wannan ba, bai ba wancan ba. Canja robar; kada ka ɗaure da waya, kwana biyu za ta yi.

In robar lafiya take, saitin ne. Yadda ake yi a yawancin Toyota: sassauta notin da ya haɗa igiya da hannun. Tura hannun da yatsa har ƙarshe ta ɓangaren P. Dawo da shi ƙas biyu: na farko R, na biyu N. Yaro ya sa sandar sama a N, ya ɗan danna ta kaɗan ta wajen R ya riƙe, kai kuma ka ɗaure notin. Shi ke nan.

Wasu tsofaffin a-kori-kurar Amurka masu sandar giya a jikin sitiyari ba fitila suke da ita ba, allura ce ja da wani siririn zare ke ja. In ta goce, akwai ɗan abin murɗawa a ƙarƙashin sitiyari da ake saita ta da shi. Ba su da yawa a nan, amma sukan shigo.

Soket da suwic

Nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya zana motar ya sa suwic ɗin a gefen akwatin giya, ƙasa-ƙasa, inda duk ruwan da taya ta watsa zai same shi. A wasu motoci gefe ɗaya yake da hannun igiya, a wasu ƙarfen ya ratsa akwatin, hannun yana wannan gefe, suwic yana wancan. Mu kuma da damina ba mu da zaɓi, mayo, wato rafi, ya kawo ruwa dole a ratsa, da rani kuma ƙura ce kamar garin dawa. Ga masu wankin mota da injin feshi, da ke sa bakin tiyo kai tsaye a kan soket suna ganin gwaninta suke yi.

Kashe makulli. Wanke taɓon da ke kewaye tukuna, kada ya faɗa ciki. Danna ɗan harshen soket ka ja jikinsa, ba wayoyin ba. In ya ƙi, tura shi ciki kaɗan sannan ka danna ka ja. Robar ta sha zafi, in ka sa ƙarfi za ta karye.

Da na zare na Alhaji, ruwa ne ya fara ɗigo mini a goshi, ja kamar shayin da yake sha. Na haska tocila. Ƙafafun soket ɗin, da ya kamata su yi ƙyalli, sun yi kore shar kamar tsohuwar tukunyar tagulla, tsakanin biyu daga ciki kuma laka ta yi gada. Robar da ke hana ruwa shiga ta tsinke, rabinta na lilo. Na kira shi ya durƙusa ya gani da idonsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ɗan abin ne bwat ɗin?" Yarona ya juya baya yana dariya.

Fesa maganin wanke soket, goge da burushi, ka sake fesawa, ka bari ya bushe sarai. Kada ka sa man birki ko fetur. Duba ramukan ɗaya gefen ma: wanda ya buɗe baki ya yi faɗi, matse shi a hankali da allura. Ja kowace waya kaɗan-kaɗan ta bayan soket. Wadda ta miƙe kamar roba ta karye a ciki, fatar ce kawai ta rage. Bi wayoyin sama tsawon kamu uku ko huɗu, musamman kusa da salansa, da inda ɓera zai iya zama. Motar da ke kwana kusa da rumbu ko ke ɗaukar hatsi, ɓera ɗan gida ne a cikinta.

Sai gwaji. Makulli a kunne, mita a bolt, baƙar allura a ƙarfen mota, ka taɓa ramukan soket na ɓangaren mota ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga ciki dole ya ba da wutar batir. Babu ko ɗaya, koma wajen fis da wayar da ke tsakani, suwic ba shi da laifi. Akwai, to ka gane ƙafar da wuta ke shiga. Kashe makulli, mayar da mita om, ka koma kan suwic ɗin kansa. Allura ɗaya a ƙafar shigar wuta, ɗayar kana yawo da ita, yaro yana canja giya. A kowane gurbi ƙafa ɗaya ce tak za ta haɗu da ita, mita ta nuna ƙasa da om 1. Gurbin da babu mai haɗuwa, ko mita na rawa tana hawa da sauka, bakin wannan gurbin ya ci. Akwai kuma ƙafafu biyu, yawanci sun fi sauran kauri, na sitata: su haɗu a P da N kawai, su rabu a sauran. Launin wayoyi da jerin ƙafafu sun bambanta daga shekara zuwa shekara, shi ya sa na fi son a gano su da mita.

Sau da yawa suwic lafiya yake, gocewa ya yi. Ramukan ƙusoshinsa dogaye ne don a iya juya shi. Sa giya a N, sassauta ƙusar, ka duba fuskarsa: akwai layi da aka zana a jiki, akwai kuma tsagi a kan abin da ke juyawa. Juya suwic har layin da tsagin su miƙe su zama ɗaya, riƙe, ɗaure. Kada ka matse da ƙarfin tsiya, jikin ba ƙarfe mai tauri ba ne.

In bakin ya ci, ana iya ceto wanda aka haɗa da sukurori. Yi alama da fenti inda yake zaune kafin ka cire. Miƙe harshen wosha, kwance noti, zare shi a hankali. In tsatsa ta kama, jiƙa shi ka jira, kada ka buga ƙarfen da guduma, cikin akwatin giya ya shiga. Buɗe shi a kan farin ƙyalle, a cikin faranti, don akwai ƙananan sifirin da 'yan tagulla da in suka yi tsalle cikin yashin gareji sai dai haƙuri. Za ka tarar tsohon giris ya daskare kamar sabulun salo. Wanke, goge layukan tagulla da yashin takarda sama-sama, shafa giris na lantarki kaɗan, mayar. In tagullar ta yi rami ko jikin ya tsage, sayi wani. Tafi da tsohon a hannu da lambar shasi, ka ƙirga ƙafafun soket a gaban mai shago. Na kwance daga motar da ta yi hatsari, in na asali ne, ni na fi yarda da shi a kan sabo mai kwali mai ƙyalli da ba a san inda aka ƙera shi ba. Amma ka auna shi da mita kafin ka biya.

Abu ɗaya da ba na yi ko an roƙe ni: haɗa wayoyin sitata biyu don mota ta riƙa tashi a kowace giya. Ana yi, na sani, kuma mota takan tashi. Amma ranar da aka bar ta a D a bakin kasuwa, wani ya leƙa ta taga ya murɗa makulli, sai dai Allah ya kiyaye na gaba.

Tablo

Shi na bari a ƙarshe don shi ya fi saurin karyewa a hannu. Cire kan batir na mas, ka jira aƙalla daƙiƙa 90 saboda jakar iska, kuma duk soket mai launin rawaya ka bar shi inda yake. Sauke sitiyari ƙasa, kwance robar da ta kewaye tablo, sukurori kaɗan ne sauran maƙalai ne. Jawo tablon, zare soket na baya.

A tsohuwar mota za ka ga ƙananan ƙwayaye jere a baya, ana murɗa su kwata a zare. Ba ka bukatar saye kafin ka tabbatar: ɗauki ƙwan L, wanda kusan bai taɓa aiki ba, ka sa a gurbin D. Ya kama, ka gama. Ƙananan ƙwayaye ne masu wat ɗaya da 'yan kai. Kada ka sa mai ƙarfi, zai narkar da robar harafin. In za ka sa LED, tana da gaba da baya, in ba ta kama ba juya ta. Tun da ka riga ka buɗe, canja duk waɗanda gilashinsu ya yi baƙi.

A sababbi babu ƙwan cirewa, LED ce a like a allo, ko ɗan gilashin rubutu. Ciwonsu dalma ce ke tsagewa saboda zafi da girgizar hanya. Wanda ya san hanyar Mora zuwa Dabanga ya san irin girgizar da nake nufi. Alamarta, ka ɗan bugi saman tablo da tafin hannu harafi ya dawo, ko ya kama da sanyin safiya ya ɓace da rana. Wannan aikin mai gyaran waya ko rediyo ne mai hannu da kyau, ya sake narka dalmar. Sayen wani tablo shi ne mataki na ƙarshe: lissafin kilomita a cikinsa yake, na dizal da na fetur ba ɗaya ba ne, wasu ma sai an haɗa su da kwamfutar motar kafin su yi aiki.

In fitila na ƙiftawa

A nan kwamfutar gwaji ce ke magana. Soket ɗinta mai rami 16 yana ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0705 tana nufin saƙon suwic ɗin giya bai yi daidai ba, P0850 kuma ta ɓangaren P da N ce. Duka biyun suna mayar da kai ga soket da suwic da muka gama bayani, ba cikin akwatin giya ba. Abin da ya fi lambar amfani shi ne shafin da ke nuna giyar da kwamfuta ke gani a lokacin. Canja giya kana kallo. Kwamfuta ta ga D, tablo bai nuna ba, laifin tablo ne ko wayarsa. Ita ma ba ta gani ba, ƙasa za ka koma. Ƙananan na'urorin nan masu arha da ake haɗawa da wayar hannu sau da yawa injin kawai suke karantawa, wasu Hilux na dizal ma ba sa amsa musu, don haka in ta ce babu komai kada ka ɗauka an wanke motar. In lambar da ta fito ta sulenoyid ce ko ta zamewar giya, ko man giya ya yi baƙi yana warin ƙuna, to a nan ne maganar bwat ta taso, a kai ta wurin mai wannan aikin.

Bayan kowane gyara, gwaji iri ɗaya ne. Ƙafa a kan birki sosai, gaba da baya babu kowa. Gwada tada mota a P, ta tashi. A N, ta tashi. A R, D, 2 da L, kada sitata ta ko yi tari. Haruffa su bi sanda ɗaya bayan ɗaya, fitilun ribas su kama a R kaɗai. Sannan a fita da ita kan hanya mai gargada, a dawo a sake dubawa, don abin da ya kama a tsaye yakan saki a tafe.

Na Alhaji mun wanke soket, mun sa sabuwar robar hana ruwa, mun ɗan juya suwic ya dawo kan layinsa, muka ɗaure wayar nesa da salansa. Kafin la'asar ya tafi. Na ce masa in ya sake ratsa mayo ruwa ya kai cikin mota, ya turo direbansa a zare soket a busar kafin ya yi kore, kuma ya gaya wa masu wanki su ɗauke bakin tiyo daga wurin.